Shagon sola na kusa da babbar kasuwar Maraɗi: aiki mai kyau, kuɗi mai ciwo

Aikinsu dai ba gardama yana da kyau, kuɗin ne kawai ke da ciwo. Su suka haɗa mana pano (faifan sola) da batir da inbata (na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida), kuma har yanzu firiji na sanyi fanka na juyawa ko an ɗauke kuran. Abin da ya burge ni da Alhajin mai shagon bai yi mini zaƙin baki ba, sai da ya tambayi duk abin da za mu kunna ɗaya bayan ɗaya, da na ambaci dutsen guga ya ce a'a ranka ya daɗe wannan ka bar shi da gawayi in ba so kake batir ya mutu da wuri ba. Yaransa ma sun iya jan waya tsaf, ba su bar mana igiyoyi na lilo a bango ba.

Inda suka gaza, garanti na baki ne kawai, babu takarda, wai in ya lalace ka dawo. Kuma in ka kira waya da rana sai ka yi ta kira.

To batun tsada, ni ban ɗora musu duka ba, don kowa ya san abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa, mu nan Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa muke samu, sai kowa ya ruga neman pano lokaci guda, ga iyakar Benin a rufe kayan da ke shigowa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar sojoji, ta yaya batir ba zai yi tsada ba? Ita ma gwamnati a lokacin ba ta da yadda za ta yi da matsalar wutar, Tarayyar Turai da Faransa sun dakatar da tallafi, a watan Oktoban shekarar aka zaftare kasafin kuɗi da kashi 40 cikin 100, daga sefa tiriliyan 3.29 ya koma 1.98. Ga albashi ga tsaro ga gazuwal da injinan wuta ke sha kamar ba gobe, wanda ya fi wutar Najeriya tsada nesa ba kusa ba. Madatsar Kandaji da ake ta cewa ita za ta fid da mu, ita ma da kuɗin waje ake gina ta, da suka tsaya aikin ya tsaya. An dai ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 wuta ta dawo, amma farashin shagon bai sauko yadda ya hau ba, nan kam Alhaji sai ka duba mana.

Wanda zai je ya sa a rubuta masa garanti a kan resit, kuma in aljihu ya ɗauka ya sayi batir na litiyom, na ruwan nan zafin Afrilu da Mayu ba ya barinsa ya daɗe.