Sharhi kan darussan Irodori: tambayar Bajapane abin da yake sha'awa cikin ladabi

Darussan koyon harshen Japananci na Irodori, waɗanda Gidauniyar Japan ta fitar a shekarar 2020 domin baƙin da ke zuwa ƙasar aiki da zama, kyauta ake sauke su daga intanet tare da sautinsu, kuma da su na koyi yadda ake taɓa hira da Bajapane kan abin da yake sha'awa ba tare da an yi masa katsalandan ba. Matakin farko darasi 18 ne, amma sashen abubuwan sha'awa shi ne ya fi yi mini amfani.

Da kunne ake farawa: sai ka saurari mutane suna hira kafin a yi maka bayanin nahawu. Tambayar da kowane ɗalibi ya sani ita ce "Shumi wa nan desu ka?", wato mene ne abin sha'awarka, sai dai na lura tana iya sa mutum ya yi jim, musamman wanda aiki ya cinye masa lokaci. Wadda ta fi buɗe baki ita ce "Yasumi no hi wa nani o shimasu ka?", me kake yi ranar hutu, domin ko wanda barci kawai yake yi yana da amsa, daga nan kuma sai ka bi da "Donna supootsu ga suki desu ka?", wato wane irin wasa kake so, idan ya ambaci wasanni.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sautin ya nuna aikin mai sauraro. Bajapane yana magana, kai kuma kana jefa "Sou desu ka" ko "Ii desu ne" a tsakani, kamar yadda muke cewa "to" da "madalla", kuma idan ka yi gum zai ɗauka hankalinka ba ya wurin. Wata manhajar waya da na gwada a baya ba ta koyar da wannan ko kaɗan, sai jera jimloli masu cike da "anata", wato "kai" ko "ke", alhali Japanawa sun fi kiran sunan mutum su haɗa da "san", kalmar girmamawa da ake sa wa bayan suna. Wannan ya ɗan yi mini nauyi, domin mu a wurinmu kama sunan babba rashin kunya ne.

Ladabin da matakin farko ya fi tsayawa a kai shi ne na rufe jimla da "desu" ko "masu", wanda ya wadatar tsakanin abokan aiki. Ga dattijo ko shugaba kuwa, wata malama Bajapaniya ce ta ƙara mini "Go-shumi wa nan desu ka?", ta kuma ja kunnena cewa wannan "go" na girmama wanda ake tambaya ne, mutum ba ya sa wa nasa abin sha'awar. Saboda haka wanda zai yi mu'amala da manya ya nemi ɗan ƙasar da zai riƙa gwada hira da shi bayan kowane darasi.