Kafin Ka Biya Kuɗin Koyon Ƙa'idojin Kiɗan Jaz, Rok da Pop

Abu na farko da ya kamata mai neman wannan ilimi ya tantance shi ne cewa ƙa'idar kiɗa daban, tsara kiɗa daban, ko da yake masu tallar darussa sukan haɗa su a ƙunshi ɗaya. Ƙa'ida ita ce sanin yadda sautuka suke haɗuwa su zama kod, da dalilin da ya sa wani kod yake jan kunne zuwa ga wani. Tsarawa kuwa ita ce ɗaukar waƙa a raba ta ga kayan kiɗa, a san abin da bes, wato kayan kiɗa mai kaurin sauti, zai riƙe, inda masu busa za su shigo, da inda ya dace kowa ya yi shiru. Ana iya samun ta farko daga littafi, amma ta biyu ba ta nuna sai wani ya saurari aikinka ya gaya maka inda ya gurgunce, kuma da wannan ma'auni nake ganin ya dace a auna kowace hanya.

Littafi ne mafi araha, kuma a fagen jaz an fi ambaton The Jazz Theory Book na Mark Levine, wanda ya fito a 1995. Ƙarfinsa yana cikin misalan da ya ɗebo daga faifan manyan makaɗa, sai dai ya ɗauka cewa mai karatu ya riga ya iya karanta rubutun kiɗa kuma yana iya taɓa fiyano, don haka ba shi ne littafin farawa ba. Mai jita da ke kaɗa rok ko pop zai tarar da yawancin babukansa sun yi masa nisa da buƙata. Waƙoƙin pop masu ɗimbin yawa suna tafiya ne a kan kod huɗu, wato I, V, vi da IV (lambobin Romawa ne da ke nuna matakin sautin da aka gina kowane kod a kansa), rok kuma ya gaji abubuwa da dama daga tsarin kiɗan bulus (blues) mai gaɓa 12, alhali jaz ya ginu a kan jerin ii, V, I da yawan sauya maɓalli, wato jerin sautukan da aka ɗora waƙa a kansu, a tsakiyar waƙa. Ga mai rok da pop, littafin da ke koyar da kiran kod da lamba, irin tsarin da makaɗan sutudiyo na birnin Nashville da ke Amurka suka saba da shi tun ƙarshen shekarun 1950, ya fi saurin amfani, domin da shi ake sauya wa waƙa maɓalli nan take idan muryar mai rerawa ba ta kai ba. Kafin ka sayi kowane littafi, ka duba ko yana tare da sautin misalansa, saboda misalin da ido ya gani kunne bai ji ba ba ya zama.

Darussan kyauta na intanet suna da yawa, wasu kuma masu kyau ne ƙwarai. Akwai Open Music Theory, littafi ne cikakke da ake karantawa ba tare da biya ba, akwai kuma kwas na share fage da Jami'ar Edinburgh ta ɗora a Coursera, dandalin kwasa-kwasai na intanet. Matsalar bidiyoyin YouTube ita ce rashin jeri: yau a nuna maka dabarar da sai ɗalibin shekara ta uku yake kaiwa gare ta, gobe a koma maka farkon farawa, babu kuma wanda zai lura da giɓin da aka bari a tsakani.

Jarrabawar mataki-mataki tana da amfani ga mai buƙatar takardar shaida, amma a duba manhajar kafin a yi rajista. Ta ABRSM, hukumar da aka kafa a Landan a 1889, ta fi karkata ga kiɗan gargajiyar Turai. Rockschool, wadda ta fara a 1991, ita ce ta fi kusa da mai rok da pop.

Inda kuɗi yake yin aiki na gaske shi ne kwas mai malami da ke gyara aiki. Kwalejin Berklee da ke Boston a Amurka, wadda aka kafa a 1945, tana da reshen intanet da kwasa-kwasansa suke ɗaukar mako 12, ana ba da aiki kowane mako, malami yana mayar da gyara, kuɗin kwas ɗaya kuma ya haura dala dubu. Tsadar gaskiya ce, amma abin da ake saya shi ne kunnen gwani. Ga misali, wasu kayan busa ba sa fitar da ainihin sautin da aka rubuta musu: idan aka rubuta wa mai tirampet sautin da ake kira C, sautin da zai fito B♭ ne, idan kuma aka rubuta wa mai saksofon na alto C, E♭ ne zai fito. Littafi zai gaya maka wannan a layi biyu. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne cewa layin da ka rubuta bai bar wa mai busa wurin numfashi ba, ko ka ɗora tirampet a can sama na tsawon lokacin da leɓɓansa za su gaji, ko kuma ka cushe sautuka kusa da juna a ƙasa har kiɗan ya dagule. A babbar ƙungiyar jaz, mai saksofon biyar da tirampet huɗu da tirambon huɗu, irin wannan kuskure yakan ninka kansa. Malami na kai-tsaye yana iya ba da wannan gyara da kuɗi ƙasa da na makaranta, muddin shi kansa mai tsara kiɗa ne. Ka nemi ya jiyar da kai abin da ya tsara, ka tambaye shi ko zai riƙa duba aikinka tsakanin darasi da darasi, domin gwanin kaɗawa ba lallai ne ya zama gwanin rubuta wa wasu ba.

A nawa ganin, wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba ya fara da abin kyauta da littafi guda, ya riƙa cire kod ɗin waƙoƙin da yake so da kunnensa, ya ajiye kuɗinsa har ranar da ya tsara waƙa biyu ko uku da hannunsa. A lokacin ne gyaran malami zai sami abin kamawa.

Saura kayan aiki. Ko da jita kake kaɗawa, ƙaramin fiyanon lantarki yana da muhimmanci, domin a kansa ne ake ganin sautukan kod a jere, kuma mai maɓallai 61 ya wadatar da mai koyo. A manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, MuseScore kyauta ce kuma ta isa ɗalibi har zuwa tsara wa babbar ƙungiya. Sibelius da Dorico na kuɗi ne, sun fi dacewa da wanda ya fara karɓar aiki, Finale kuwa kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024, don haka idan ka ga kwas da aka gina a kanta, ka tambayi malamin ko yana karɓar aiki da wata manhajar kafin ka biya.