Rukunin kira ko sahun jira: wanne ya dace da ƙaramin ofis?

Malam, ka ce mutum huɗu ne ke ɗaukar wayar abokan ciniki a ofishinku, da safe kuma kira yakan yi yawa har wasu su gaji su kashe. Kana tambaya ko rukunin kira za ku saita ko sahun jira. Duka biyun suna cikin na'urar rarraba kira irin FreePBX ko 3CX, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne.

Rukunin kira ba ya riƙe kowa. Kira na shigowa wayoyin da aka haɗa za su fara ringin, ko gaba ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya, na tsawon lokacin da ka ɗiba musu. A FreePBX daƙiƙa 20 ne in ba ka taɓa ba. Lokacin na cika kiran zai wuce inda ka tura shi, ko akwatin saƙon murya ko wata lambar ciki. Shi kuwa sahun jira ajiye mai kira yake yi, ya sa masa kiɗa, ya gaya masa shi ne na biyu ko na uku, yana ta neman wanda ya sami sarari. Kai za ka zaɓi yadda zai raba: a ba wanda ya fi daɗewa bai amsa ba, ko wanda ya fi ƙarancin kira, ko a riƙa zagayawa.

Matsalar rukuni ta mutane ce. Idan wayoyi huɗu suka yi ringin tare, kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido. In kuma bi da bi ne, daƙiƙa 15 sau huɗu minti guda ke nan, mai kira ya daɗe da tafiya. Mafi ɓacin rai shi ne saka wayar hannu a rukunin: in tana kashe, akwatin saƙonta ne zai amsa nan take, sauran wayoyin su yi shiru. Maganinsa a kunna tabbatar da kira, sai wanda ya ɗauka ya danna 1 kafin a haɗa shi da mai kira.

Sahun jira ya fi buƙatar kulawa. Ma'aikaci yakan shiga sahun ya fita ta hanyar danna lamba a wayarsa, a FreePBX *45 ce, kuma akwai wanda zai tashi daga teburinsa bai fita ba, na'ura ta yi ta ɓata daƙiƙa 15 a kan kujerar da babu kowa. Sannan duk wanda ke jira yana cin hanya ɗaya cikin hanyoyin kiran da kamfanin layi ya ba ku. Idan hanyoyin huɗu ne, mutum huɗu kuma suna magana, na biyar ba zai ma kai ga sahun ba, za a ce masa layi na aiki. Sai kun ƙara zuwa shida ko takwas, kowace tana buƙatar intanet na kusan kilobit 90 a daƙiƙa ta kowane ɓangare in da tsarin aika murya na G.711 kuke aiki. Abin da aka fi mantawa kuma, yawanci da kiɗan ya fara an amsa kiran ke nan, kuɗin mai kira ya soma tafiya.

A ganinmu, ka fara duba tarihin kira na mako guda a na'urar. Idan kiran da ke shigowa lokaci ɗaya bai wuce huɗu ba, ba sahu kuke buƙata ba, ɗauka ce ba a yi: rukuni ya wadatar, wayoyi biyu su fara, sauran su biyo bayan daƙiƙa 15. In yana wucewa, ku saita sahu, iyakar jira minti biyu, a tsallake wanda ke kan waya, a kuma hana shiga sahun in babu ma'aikaci ko ɗaya a ciki, kiran ya tafi akwatin saƙo kai tsaye.