Sharhi: Manhajar auna nisan tafiyar jirgi ta iya awo, agogo ne bai zauna mata ba

Manhajar nan da ake shigar wa filayen jirgi biyu ta fitar da nisa da lokacin tafiya, na gwada ta a kan hanyoyi da dama. Wajen nisa babu abin cewa. Wajen lokaci kuwa, a bi ta a hankali.

Amfani da ita ba wuya. Ka rubuta haruffa ukun da aka san fili da su, LHR na Heathrow a Landan, JFK na New York, nan take ta ba ka kusan kilomita 5,550. Sai dai ka fara duba ma'auni, don akwai mil na ƙasa mai kilomita 1.609, akwai mil na teku mai 1.852, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi. Hanya ɗaya ce, amma a na farko za ka ga kusan 3,450, a na biyu kusan 3,000. Layin da take zanawa a taswira ma daidai ne: ya lanƙwashe ta arewacin tekun Atlantika ya bi ta gabashin Kanada. Ba zagaye ba ne, duniyar ce dunƙulalliya, nan ne yanke.

Inda take tuntuɓe shi ne lissafin sa'o'i. Nisan kawai take rabawa da gudun jirgi, wajen kilomita 900 a awa, ta ba ka amsa ɗaya zuwa da dawowa. Ai kuwa ba haka abin yake a sama ba. Akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa Landan zuwa New York kan ci kusan awa 8, dawowa kusan 7. A Fabrairun 2020 wannan iska ta tura wani Boeing 747 na British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56.

Haka kuma ba ruwanta da rufe sararin samaniya. Tun da Rasha ta hana jiragen Tarayyar Turai ratsa samanta a 2022, tafiya daga Helsinki ta Finland zuwa Tokyo ta Japan ta tashi daga wajen awa 9 ta koma wajen 13, amma manhajar na nan tana jan layinta ta kan yankin Saberiya na Rasha.

Lokacin da ke jikin tikiti ya haɗa da gangarawar jirgi zuwa titin tashi da jiran layi, ita kuwa ba ta ƙirga su. Agogon tikitin ma na kowane gari ne: tashi 10 na safe a Landan, sauka 1 na rana a New York, awa 8 ke nan ba 3 ba, saboda ratar awa 5.

Mai shirin canjin jirgi a hanya, ya ɗauki kilomita daga gare ta, sa'o'i kuma ya nemi lambar jirgin a shafin bin diddigin jirage ya ga abin da ya ci a makon jiya.