Konfushiyos ko Lawzi: wanne zai yi aiki a aji mai yara saba'in?

Wani malami ya aiko da tambaya, ya ce yana koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, yara saba'in a aji, darasi minti 40. Ya ji ana yabon tsarin Konfushiyos, ya kuma ji masu cewa a bi Lawzi (dukansu masanan ƙasar Sin ne na zamanin da), malami ya ja baya yaro ya gano da kansa. Wanne zai ɗauka? A nan dabarun koyarwarsu za mu duba, ba aƙidarsu ba.

Konfushiyos malami ne da ya zauna da almajirai. An haife shi a ƙasar Lu, gabashin Sin, a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma almajiransa ne suka tattara maganganunsa. Littafin da ake jingina wa Lawzi kuwa, Dao De Jing mai babi 81, ya fi fuskantar masu mulki, daga baya malamai suka ari darasinsa. Shi ya sa za ka fi samun abin ɗauka kai tsaye a wurin na farko.

Dukansu suna son ɗalibi ya yi aikin da kansa, a mafari suka rabu. Konfushiyos ya ce idan ya nuna wa mutum kusurwa ɗaya bai iya kawo sauran ukun ba, ba zai maimaita ba. Wato malami ne ke ɗaga kusurwar farko. Lawzi kuma a babi na 17 ya ce shugaba mafi kyau shi ne wanda idan aiki ya kammala mutane za su ce mu muka yi da kanmu.

Ɗauki darasin tara rabi da sulusi. Yara da yawa za su rubuta 2/5, domin sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. A hanyar Konfushiyos, za ka zana sanda a allo, ka raba ta gida shida, ka nuna rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, jimla 5/6. Misali ɗaya, a tsanake, minti goma. Sai ka ba su 1/2 + 1/4, sannan 1/3 + 1/4, sannan 2/3 + 1/4, kana canza abu ɗaya kacal kowane karo domin yaro ya ga abin da ya sauya da abin da ya tsaya. Irin wannan canji kaɗan-kaɗan sananne ne a azuzuwan lissafi na Shanghai, inda Ingila ta fara musayar malamai da su a 2014. A hanyar Lawzi, za ka raba musu tsinken takarda, ka ce su naɗe su nemo amsar, kai kana zagayawa ba ka cewa komai.

Kowacce tana da inda take lalacewa. Ta Konfushiyos takan koma hadda tsagwaronta, kamar yadda jarrabawar shiga aikin gwamnati ta Sin, wadda ta ɗauki kusan shekara 1,300 kafin a soke ta a 1905, ta yi ƙaurin suna. Shi kansa ya yi gargaɗi cewa karatu ba tunani ɓata ne, tunani ba karatu kuma haɗari. Alamar a ajinka: yaro ya iya 1/2 + 1/3, ka juya masa 1/3 + 1/2 ya tsaya yana kallonka. Maganinsa, bayan kowane misali uku ka tambayi dalili, ba amsa ba.

Ta Lawzi ta fi saurin rushewa a aji mai cunkoso. Yaron da bai san komai a kan batu ba, ba shi da abin da zai yi bincike da shi. Masu kaifin ƙwaƙwalwa kaɗan za su gama, saura su kwafa, kai kuma ka ɗauka an gane. A sabon darasi, mu ba mu ba da shawarar a fara da ita.

Inda ta yi fice shi ne aikin hannu. Zhuangzi, wani masanin Sin na da wanda ke kan tafarkin Lawzi, ya kawo labarin wani tsoho mai sassaƙa ƙafar keken doki da ya ce daidaiton bugun kurfinsa a hannunsa yake, ko ɗansa ya kasa koya wa da baki. Duk wanda ya ga yaron tela ko na makaniki ya san haka. Ranar da za ka koyar da zana da'ira ko auna kusurwa, nuna sau ɗaya, ka yi shiru, hannu ya koya.

Akwai kuma wata dabarar Konfushiyos da ake yawan mantawa. Almajiransa biyu, Zilu da Ran You, sun yi masa tambaya iri ɗaya: idan mutum ya ji abu, ya aikata nan take? Ya ce wa Zilu ya fara tuntuɓar mahaifinsa da yayansa, ya ce wa Ran You ya aikata. Da aka nemi dalili, ya ce ɗaya mai gaggawa ne sai a riƙe shi, ɗaya mai noƙewa ne sai a tura shi. A ajinka, mai ɗaga hannu kullum ka sa shi ya rubuta amsarsa ya jira, mai shiru a bayan aji ka kira sunansa. Bayan tambaya kuma ka ƙirga daƙiƙa uku a zuci. Binciken Mary Budd Rowe a Amurka ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai, kuma idan aka kai uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru.

Ga yadda za mu raba minti 40 ɗinka, Malam: biyar na bitar darasin jiya, goma na misalinka a allo, goma sha biyar su yi aiki biyu-biyu kai kana zagayawa ba tare da ba da amsa ba, bakwai yara biyu ko uku su bayyana hanyarsu a allo, uku na ƙarshe kowa ya amsa tambaya ɗaya a ƴar takarda ya miƙa a bakin ƙofa. Idan fiye da sulusin takardun sun nuna kuskure iri ɗaya, da shi za ka buɗe darasin gobe.