Snapseed da hotunan lallena a Idi-Araba

Wata biyar ke nan ina gyara hotunan ƙunshi da Snapseed, manhajar Google ta kyauta, kuma abin da ya riƙe ni a cikinta shi ne wurin da aka rubuta Vignette, mai duhunta gefen hoto ya bar tsakiya da haskenta.

Duk wanda ya zauna gidan haya a Legas ya san ba mu da filin ɗaukar hoto. Amarya za ta miƙo hannu, zane ya fito raɗau, amma a bayanta ga jarkokin ruwa, ga janareton maƙwabci, ga shanya. Mai kallo sai idonsa ya tafi can, aikin awa uku ya tashi a banza. Yanzu a cikin Vignette nakan ja shuɗin ɗigon da ke nuna tsakiyar da'irar haske in ajiye shi kan bayan hannu, in buɗa da'irar da yatsu biyu, sannan in rage hasken waje kaɗan. Tarkacen na nan, sai dai sun koma inuwa, lallen kuwa ya taso gaba. Wannan ɗigon da ake matsarwa na fi ƙauna, don hannu ba ya zama a tsakiyar hoto kullum.

Ranar da na nuna wa Kawu, wanda ya yi sana'ar hoto a Agege tun zamanin fim, ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Ke 'yar nan, ai mu da kwali muke yin wannan." Wai a ɗakin wankin hoto, ƙarƙashin jar fitila, takarda tana ƙara baƙi ne gwargwadon hasken da ta sha. Sai ya tare tsakiya da guntun kwali, yana ɗan kaɗa shi don kada iyakarsa ta fito, gefuna su ƙara shan haske na 'yan daƙiƙoƙi. In hannu ya kuskure, takardar ta lalace, kuɗi sun tafi. Ya ce muddin mai kallo ya gane an taɓa gefen, to an yi yawa.

Na ga gaskiyarsa. Akwai hoton da na kai duhunsa wajen 80 a ma'aunin Vignette, na ba da aka buga mini don in liƙa a ƙofar ɗaki. A waya ya yi kyau, amma a takarda kusurwoyin suka fito kamar hayaƙin risho ya tiƙe bango, kan yatsun amaryar, inda baƙin lalle ya fi kamawa, suka nutse gaba ɗaya. Abin ya yi mini ciwo, don a nan na fi zuba basira.

'Yan'uwa masu ƙunshi da kwalliya, ku gwada manhajar. Ni dai tsakanin 20 da 30 nake tsayawa, kuma ina tabbatar yatsu goman nan duk suna cikin da'ira kafin in ajiye hoton.