Difloma a fannin shari'a: karatu akwai, amma sun ɓoye mana maganar Adabin Turanci

Karatun kam ba zan ci amanar malamai ba, sun koyar. Mun yi tsarin kotunan Najeriya, dokar kwangila, kundin tsarin mulki na 1999, da Penal Code da ake hukunta laifuka da ita a Arewa tun 1960. Darasin gado kuwa shi kaɗai ya isa a biya kuɗin makaranta. Malamin dattijo ne, alli kawai yake shiga aji da shi. Sai ya ce mutum ya rasu ya bar mata biyu, uwa, 'ya'ya mata uku da ɗan'uwa shaƙiƙi, ku raba. Ka kafa lissafi a kan 24, tumunin takaba 3, sudusin uwa 4, sulusi biyu na 'ya'ya 16, ɗan'uwan ɗaya tak ya rage masa. Yanzu ko a ƙauyenmu da ke bayan Gumel, idan ana rabon gona liman yakan sa a kira ni in zauna kusa da shi. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce kowa ya je.

To amma ni ba don rabon gado Baba ya sayar da riɗinsa ba. Lauya nake son zama, kuma ranar da muka je sayen fom haka na faɗa wa mutumin ofishin rajista. Na miƙa masa sakamakon NECO ɗina, ya duba, na ce, "Yallaɓai, ba ni da Adabin Turanci fa." Ya ce, "Ɗana, wannan ba komai ba ne, da diflomarmu aji biyu za ka faɗa kai tsaye a jami'a." Baba yana tsaye, har ya yi masa addu'a.

Na gama shekara biyun da sakamako mai kyau, na cike fom ɗin JAMB na masu shiga aji biyu, na tafi tantancewa da takarduna a cikin leda. Matar da ke kan teburin ko diflomar ba ta buɗe ba. Ta ɗora biro a kan takardar NECO tana bin darussan ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙasa, ta sake hawowa sama, sannan ta turo min abina ta ce babu kiredit a Adabin Turanci, babu shari'a. Ta ce in ina so a mayar da ni wani sashen. Wallahi ƙafata ta kasa ɗaukata. Abin da ya fi ƙona min rai, a layin nan na ga 'yan ajinmu da aka kora da wannan dalilin, wato ba yau aka fara ba. Makarantar diflomar ta sani sarai, kuɗin fom kawai take kallo.

Kuma ba wanda ya taɓa gaya mana cewa hukumar da ke kula da horar da lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu shiga aji biyu kuma kaso kaɗan ake ba su a ciki. Ko ka samu, shekara huɗu ce a gabanka maimakon biyar, sai shekara guda a makarantar lauyoyi, irin reshen da ke Bagauda. Ai wannan bayani ne na ranar farko.

Wanda aikin kotu yake nema, ko yake son sanin gado da aure da saki a kan mazhabar Malikiyya, zai ƙaru sosai. Wanda ke son rigar lauya kuwa, ni dai ba zan tura shi ba sai in takardarsa ta sakandare ta cika. Yanzu haka jarrabawar NECO ta 'yan waje nake shirin zaunawa saboda darasi ɗaya, Baba kuma ya sake taɓa buhun riɗi. Ɗan maƙwabcinmu ma makarantar diflomar ta ɗauke shi bana, shi ma ba shi da Adabin, kuma har yau ba wanda ya ce masa uffan a ofishin nan.